Ranar Da Na Soye Kajin Ammu Dawud

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ranar da na soye kajin Ammu Dawud ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka fara aiki da mu satin nan kuna ta tambayar juna me ya sa ba a ba sabon ma'aikaci wuƙa a gidan nan sai an zaunar da shi ya cinye faranti guda na farar kaza tukuna. Na ma ji wani daga cikinku yana cewa tsirfar Mu'allim Habibu ce kawai, wato ni. Na ji ka sarai, ba zan dai kama suna ba. Abin yana da dalili, kuma dalilin ni ne.

Na zo ƙasar nan daga Kura a shekarar 2011. Ga wanda bai san tsarin ba, baƙo a nan ba ya zama sai da iƙama, wato katin izinin zama, ita kuma iƙamar tana rataye ne a wuyan wani ɗan ƙasa da ake kira kafil. Ni nawa kafilin sau biyu na taɓa ganinsa da idona. Sakina ya yi in nemi aiki duk inda na samu. Na yi leburanci a wajen gini, na yi dako a kasuwar Utaiƙa, muna lallaɓawa dai. Sai a 2013 hukuma ta ce kowa ya koma aiki ƙarƙashin kafilinsa, ko kuma ya nemi wanda zai karɓe shi a mayar da sunansa can, abin da ake ce wa naƙalin kafala. Aka sa wa'adi. Wanda wa'adin ya cika bai gyara takardunsa ba, sai gida. Kafilina kuwa ko tebur ɗin sayar da goro ba shi da shi balle wurin da zai ajiye ni. Ga matata Rabi da yara biyu a Kura, ɗakin da na fara ginawa ko linta bai kai ba. Wallahi a lokacin ko abinci ba ya min daɗi.

A masallacin unguwarmu na haɗu da Usman, wani Basudane dogo mai yawan dariya, shi ne mai karɓar kuɗi a wannan gidan abincin namu na unguwar Badi'a. Gidan a lokacin ba kamar yadda kuke ganinsa yanzu yake ba. Tebur shida ne kacal, a matse tsakanin mai wanki da guga da mai aski. Usman ya kai ni wajen mai gidan, Abu Nasir, a watan Agusta. Abu Nasir bai ja zance ba. Ya ce in fara aiki a kicin, in Ammu Dawud ya ce na'am zai yi min naƙali kafin wa'adi, in ya ce a'a, Allah ya haɗa ni da wani wurin.

Ammu Dawud shi ne mu'allim, wato shugaban kicin. Ammu kuwa baffa ke nan da Larabci. Dattijo ne gajere, mutumin kudancin Tailan, Musulmi, irin waɗanda ake kira Fatani a nan. Tun yana saurayi ya zo ƙasar, a nan ya yi aure, a nan ya aurar. Ba shi da faɗa, amma ba shi da magana, kuma ni na gwammace a yi min faɗa da a yi min shiru. Ni ne na ƙasa da kowa a gidan. Aikina wankin tukwane, ɓarar tafarnuwa, yankan kokwamba da ɗauko ƙanƙara.

Abinci ɗaya tak muke sayarwa a lokacin, shinkafa da kaza irin ta mutanen Tailan, wadda a can a bakin titi ake sayar da ita kamar yadda ake sayar da shinkafa da wake a wajenmu. Su suna ce mata kau man gai, mu muna cewa farar kaza. Ga yadda Ammu Dawud yake yin ta. Za a wanke kaza ɗungurungum, a murje ta da gishiri, a cire kitsen cikinta a ajiye gefe. A ɗora ruwa a babbar tukunya da ɗanyar citta da tafarnuwa da saiwar kuzbara, wani ganye mai ƙamshi da ake sawa a abinci a nan. A zura kajin, a rage wuta. Shi yakan ce ruwan murmushi kawai zai yi, kada ya kuskura ya yi dariya. Bayan kamar minti arba'in a tsamo su, a tsoma a ruwan ƙanƙara, a rataye. Kitsen nan da aka ajiye a narkar da shi a kasko, a juya ɗanyar shinkafa a ciki, sannan a dafa ta da romon kajin. Miyar da ake dangwalawa kuwa da wata irin daddawa ta waken suya ake yin ta, da citta da barkono da ɗan tsami da ɗan sukari. A yanka kazar sala-sala a jera kan shinkafa, kokwamba a gefe, romo a ɗan kwano.

Shinkafar nan ba ni da ta cewa a kanta. Ni mutumin Kura ne, da shinkafa muka buɗe ido, amma ban taɓa cin mai daɗinta ba. Kazar ce matsalata. Fara fat, ga sanyi, fatarta tana sheƙi tana rawa, wani lokacin ma in an sara ƙashi sai ka hango ja-ja a cikin ɓargo. Mu a gida in aka tafasa kaza, rabin aiki aka yi, saura suya. Mace ta kawo wa baƙo kaza a haka, ai sai a yi wata guda ana maganarta a unguwa. Don haka kullum in aka zuba mana abincin rana, sai in faki idon Ammu Dawud in tura wa Usman kazata, in ɗebo yajin ƙuli daga babbar robar da Rabi ta aiko min, in barbaɗa wa shinkafa in ci abina. Usman har kumatu ya yi a wata ukun nan. Ni a tunanina babu wanda ya lura.

Haka muka kai ƙarshen Oktoba, saura mako guda da 'yan kwanaki wa'adi ya cika, babu na'am babu a'a. In na tambayi Abu Nasir sai ya nuna min kicin da haɓa. In na kalli Ammu Dawud sai ya nuna min tukunyar da ban wanke ba.

Ranar wata Asabar ce. Asabar sai bayan La'asar muke buɗewa, amma ranar mun fito da sassafe saboda akwai oda. Usman ya gaya min cewa wani Alhaji Mahaman ne, direba, mutumin Damagaram, zai yi wa 'yan'uwansa walima a wata istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake kamawa na yini, don murnar takardunsa sun gyaru. Kaji ashirin, baƙi kamar arba'in, duk Hausawa. Zai zo ɗauka da ƙarfe sha ɗaya. Ni ina bayan kicin kullum, ban san masu zuwa cin abinci ba, don haka ban san Alhajin ba.

Wajen tara da rabi Ammu Dawud ya gama komai. Kaji ashirin suna rataye, shinkafa ta turara, miya tana cikin roba. Sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce aka kai asibiti a Shumaisi tana naƙuda, haihuwar fari. Ya cire hular kicin, ya ce min komai ya kammala, in jera shinkafa a faranti, in yanka kokwamba, shi zai dawo ya yanka kajin, in kuma bai dawo ba in yanka yadda nake gani yana yi. Usman ya ɗauke shi a mota, suka bar ni ni kaɗai.

Na tsaya ina kallon kajin nan ashirin a jere, farare tas. Sai Shaiɗan ya zo min da fuskar mai nasiha. Na ce a raina, wannan bawan Allah Alhaji Mahaman tabbas hoton da ke jikin allon ƙofa ya gani ya ruɗe shi, bai san abin da ya yi oda ba. Yanzu Hausawa arba'in su taru, dattawa a ciki, a buɗe faranti su ga kaza kamar an tsamo ta daga wanka? Ai an gama da mutuncinsa. Kuma in aka tambaya a ina aka dafa, aka ce akwai Bahaushe a kicin ɗin, ni ma an gama da nawa. Na ƙara da cewa in Alhajin ya ji daɗi ya zo ya yaba, Ammu Dawud zai gane ashe ina da basira, maganar naƙali ta zama an gama. Kun ji irin lissafin da na yi, kuma wallahi a lokacin ji nake babu mai hankali kamata a duk Badi'a.

Na ɗora babban kaskon da ake narka kitse, na juye mai, na tsaga kajin gida huɗu-huɗu, na shiga suya. Kai, ranar na yi suya ta nuna wa sa'a. Suka yi ja wur, fata tana ƙaras-ƙaras. Na ɗauko robar yajin Rabi na juye musu ita kaf ban rage ko cokali ba. Ƙamshi ya cika layin, har mai aski ya leƙo yana tambayar me aka samu yau. Na jera su a manyan farantai, na yi musu ado da albasa, ina 'yar waƙata.

Usman ya dawo wajen sha ɗaya saura kwata. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya kalli ƙugiyoyin da babu komai a jiki, ya kalli farantai, ya kalle ni. Mutumin da ba ya minti biyar bai yi dariya ba, sai ga dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni a hankali ina kajin Ammu. Na nuna masa da alfaharina, na fara yi masa bayanin al'adarmu. Bai bari na kai ƙarshe ba ya zauna kan buhun shinkafa ya dafe kai. A nan na fara shan jinin jikina.

Muna cikin haka Alhaji Mahaman ya yi sallama. Babban mutum, da farar taguwa da ƙamshin turare, fuskarsa cike da fara'a. Na tare shi da Hausa, ya yi murna ƙwarai, muka gaisa, ya tambayi garinmu na ce Kura ta Kano. Na buɗe masa faranti ina jiran yabo. Fara'ar nan ta zube nan take.

"Bon," in ji shi, irin "to" ɗin mutanen Damagaram. "Ina farar kazata?"

Na ce, "Alhaji, ai na gyara maka ita ne, don kada ka ji kunya a gaban baƙi."

Ya kalle ni ya ce, "Dama na san irin wannan aikin sai Bakano."

Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, amma ranar rabin maganar ce wasa. Ashe shekara biyu ke nan uwar ɗakinsa tana aiko shi gidan nan sayen farar kaza, tun yana yatsina fuska har ya zama shi ma duk sati sai ya ci. Sati biyu ya yi yana cika wa abokansa baki cewa ranar walimarsa za su ci abin da ba su taɓa ci ba. Ya ce in soyayyar kaza yake so, ai kowane lungu na Riyad akwai ta, me zai sa ya tsallake shaguna hamsin ya zo nan? Ya juya wajen Usman ya ce a ba shi lambar mai gidan.

Na ce masa don girman Allah ya saurare ni. Na gaya masa gaskiyar halin da nake ciki, cewa kwanaki kaɗan suka rage min, kuma in maganar nan ta je kunnen Abu Nasir a haka, jakata kawai zan haɗa. Ya sassauta, domin shi ma sati biyu da suka wuce a cikin wannan zullumin yake kwana. Ya dubi agogonsa ya ce baƙinsa ƙarfe biyu za su ci abinci, ya ba ni zuwa ɗaya da rabi, kuma a nan zai zauna ya ga ƙarshen wayon Kanawa.

Akwai ɗanyun kaji ashirin da biyar a babban firij, waɗanda aka tanada don cinikin yamma. Usman ya ce in dafa su shiru, shi zai ruga Utaiƙa ya sayo wasu, soyayyun kuma mu san yadda za mu yi da su, babu wanda zai ji. Na so shawarar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Duk matakan dahuwar suna kaina, wata uku ina kallo. Amma an riga an ɗebi romon safe an yi shinkafa, dole in ƙara ruwa, in na ƙara ruwa dole in ƙara gishiri da citta. Shi kuwa Ammu Dawud ba shi da ma'auni, cokali yake sawa ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. Ni me zan ɗanɗana in gyaɗa kai, alhali ban san yadda abin yake a baki ba? Na ga in na ɓoye na kuma ɓata ashirin na biyu, to na kashe kaina sau biyu. Na karɓi wayar Usman na kira dattijon.

Yana ɗagawa na ji hayaniyar asibiti. Na tambayi mai jiki, ya ce har yanzu dai. Sannan na zayyana masa abin da na yi da guntun Larabcina, ban rage komai ba. Sai ya yi min tambaya ɗaya.

"Habibu, ka taɓa cin ta?"

Na ce, "Ammu, ban taɓa ba."

"Na sani. Wata uku ina kallon Usman yana ƙiba da rabonka. Ina jira ne in ga ranar da za ka ci, don ba zan ce na'am a kan mutumin da yake ƙyamar abin da yake ba mutane ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe amsar da nake nema wata uku tana cikin farantin da nake turewa kullum da rana. Ya ci gaba da cewa ba zai iya gaya min ɗanɗano ta waya ba. Akwai rabin kaza da ya ajiye wa kansa a ƙaramin firij, in zauna in ci da shinkafa da miya, ban da jan garin nan nawa. In na gama in dafa har tawa ta zo daidai da ita. Ya kashe wayar.

Na ɗauko rabin kazar nan na zauna a tebur na ɗaya. Alhaji Mahaman ya jawo kujera ya zauna gabana, Usman ya tsaya a kaina, kamar masu jiran yaro ya sha magani. Na yanki sala guda, na dangwala a miya, na yi bismilla, na rufe ido na jefa a baki.

Jama'a, na cuci kaina wata uku. Naman nan laushi kamar me, ruwa-ruwa, ya dahu har ƙashi, babu ƙarni ko kaɗan. Citta ta fara tasowa, tsami ya biyo, barkono ya zo daga baya ya zauna. Fatar nan da nake ƙyama ita ce ma ta fi komai daɗi. Na ƙara na biyu, na ƙara na uku, na kai shinkafa, na kurɓi romo. Ban ɗago ba sai da na ga ƙasan faranti. Na kalli Usman na ce ashe abin da yake cinye min ke nan kullum bai taɓa gaya min ba, to ban yafe ba. Dariyarsa ta dawo har da buga tebur. Alhaji ya ce a rubuta ranar, yau Bakano ya waye.

Daga nan aiki ya kankama. Na ƙara ruwa a tukunya, na daka citta da tafarnuwa na zuba, ina sa gishiri kaɗan-kaɗan ina ɗanɗanawa, har na ji romon ya zo kusa da wanda na sha. Na zura kaji ashirin da ɗaya, na rage wuta na tsaya a kai har ruwan ya koma murmushi. Sai muka tuna ƙanƙarar safe duk ta narke. Usman ya riga ya tafi Utaiƙa, ni ba zan bar tukunya ba. Alhaji Mahaman da kansa ya shiga motarsa ya zagaya shaguna uku. Ku ƙaddara babban mutum da farar taguwa yana sauke buhunan ƙanƙara a kafaɗa, ruwa yana ɗiga masa a baya, yana cewa tun kakanninsa ba a taɓa jin Badamagare ya yi wa Bakano dako ba sai yau. Aka kira Azahar, muka sauke ƙofa kamar kowane shago, muka yi salla a masallacin layin. Allah ya yafe min, rabin hankalina yana cikin tukunya.

Da muka dawo na tsamo guda, na soka siririn tsinke a cinya kamar yadda nake ganin Ammu yana yi. Ruwan da ya fito fari ne tas. Na tsoma su a ƙanƙara, na rataye, na shafa musu mai. Biyu fatarsu ta yage saboda gaggawa. Yankan ma bai kai nasa kyau ba, wani da kauri wani siriri, amma na jera su yadda ya kamata. Ɗaya da minti talatin da biyar muka gama loda mota. Alhaji ya ɗanɗani sala guda a tsaye, ya shiga mota. Na dai ga kafin ya tayar ya dawo ya ɗauki cinyoyi biyu daga cikin soyayyun, wai don kada a ce ya wulaƙanta abinci.

Bayan La'asar sai ga motar Abu Nasir. Ashe ya je asibiti, shi ya ɗauko Ammu Dawud. An samu ɗa namiji, uwa da jariri lafiya lau. Dattijon ya shigo rungume da kwalin dabino, fuskarsa kamar ba shi ba. Muka yi masa barka. Bai zauna ba ya wuce kicin, mu duka muna biye da shi. Na miƙa masa kaza ta ashirin da ɗaya da na rage masa. Ya juya ta, ya duba fata, ya yanki ƙirji ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji shi. "Citta kuma ka ji tsoronta. Amma kaza ce."

Sannan ya juya ga tulin soyayyun, ya ɗauki fiffike ya ciza. Yajin Rabi ba ya wasa. Ya fara tari, hawaye suka zubo, Usman ya ruga ya kawo ruwa. Ina cewa shi ke nan na ƙarasa kaina, sai na ga dattijon yana dariya, ranar na fara ganin haƙoransa. Ya ƙara cizo. Ya ce a garinsu ma akwai masu soya ta su ɗora kan irin wannan shinkafar, shi ne bai taɓa sawa ba don Riyad ta cika da masu suya, amma wannan jan garin babu mai shi.

Abu Nasir dai bai yi dariya ba. Ya tambaya wa ya ba da izinin a soya kaji ashirin. Kafin in buɗe baki Ammu Dawud ya ce waɗannan sadakar jikansa ce, shi ya ɗauki nauyinsu, a raba wa maƙwabta. Sannan ya goge hannunsa da tawul, ya fuskanci mai gidan.

"Ya ɓata ashirin, ya kira ni ya faɗa da bakinsa, ya gyara ashirin. Yi masa takardunsa, ina buƙatarsa."

Abu Nasir ya kalle ni daga sama zuwa ƙasa, ya ce in kawo fasfo da iƙama gobe da safe. Na fita bayan kicin wajen tulunan gas na yi sujada, na yi kukana na share ido, na dawo na ɗauki faranti.

Yammacin nan layinmu ya yi biki. Muka bi shago-shago da soyayyar kaza da dabino, mai wanki da guga, mai aski, masu sharar titi, ladan, kowa muna ce masa an yi wa Ammu Dawud jika. Indiyawan wajen wanki ko gezau ba su yi da yajin ba, mai aski kuwa sai da ya sha ruwa roba guda, amma washegari shi ne ya fara zuwa tambayar ko akwai kazar Najeriya. Kun ji asalin jar kazar da kuke gani ta biyu a allonmu.

Kafin Magariba Alhaji Mahaman ya kira wayar Usman ya ce a ba shi Bakanon nan. Ya ce da aka buɗe farantai rabin baƙinsa tsuru-tsuru suka yi, har wani ya tambaya ko gas ne ya ƙare mana kafin a kai ga suya. Sai wani dattijo da haƙoransa suka yi ƙaranci ya yi ƙarfin hali ya fara, aka ga ya yi shiru yana ta kai loma. Kafin minti ashirin ko kokwamba ba a bari ba. Ya ce na wanke Kanawa, amma rabi. Har yau duk sati sai ya zo, kuma har yau bai biya ni da kalma mai daɗi ba.

Naƙalin ya fita saura kwana uku wa'adi ya cika. Da sabon katin ya zo, na ga a wajen sana'a an rubuta mai dafa abinci. Na kira Rabi na karanta mata. Ta yi dariya har ta ba yara waya, ta ce mutumin da bai taɓa dafa ruwan shayi a gidansa ba. Na ce ta yi dariyarta ta gama, ta dai aiko min da yaji roba biyar. Ɗakin nan ya kai linta, ya kai rufi, yanzu ma ɗaki uku ne. Ammu Dawud ya ƙara shekara biyar da mu kafin gwiwa ta matsa masa ya koma Makka wajen wata 'yarsa da ke aure a can. Ranar da zai tafi ya miƙa min cokalin da yake ɗanɗana romo da shi, ya ce har yanzu ina tsoron citta.

Abin da na koya a ranar ba mai yawa ba ne, amma ya riƙe ni har yau. Mai dafa abinci ba ya yanke wa mutane hukuncin abin da za su so, kuma ba ya miƙa wa wani abin da shi yake ƙyama. In ka yi ɓarna a kicin, faɗi da bakinka tun tukunya tana kan wuta. Mutanen sana'ar nan kuma, ko ba sa magana, suna ganin abin da kake turewa gefen faranti.

To, kai da ka ce tsirfa ce, ga naka nan Usman ya zuba maka. Na ga robar yajin da ka ɓoye a aljihun wando tun safe, ajiye ta a kan tebur, za a ba ka abarka in ka gama. Ja kujera, yi bismilla.